Horon Ranar Asabar

Sunanta dai ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. 'Yar farina ce, kuma sunan surukata aka sa mata, to kun ga kunya ta zama biyu. A Malumfashi inda na tashi, har aka kai ni ɗakin miji ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Ke" take ce mini, ranar da take cikin nishaɗi ta ce "ke 'yar nan." Haka na taho da abina Unguwar Dosa, ban ajiye shi a hanya ba. Ita ma yarinyar Anti take ce mini, don abin da ta ji ƙannen ubanta suna kirana ke nan tun tana rarrafe, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba. Shekararta tara, tana aji huɗu a firamaren da ke bayan layinmu.

Da ciwon ciki abin ya fara. Kullum da safe in an ce ta sa kayan makaranta sai ta dafe mara ta durƙusa. Na jiƙa mata kanwa, na kai ta kemis, na kai ta asibiti aka auna aka ce lafiya lau. Abin da na lura da shi, ciwon ba ya zuwa Asabar da Lahadi. Wata rana ina tsefe mata kai na ce ta faɗa mini gaskiya ko wani ke dukanta a makaranta.

Ta ce, "Ba mai dukana, Anti. Abin da aka koya mana bara shi ake sake koya mana, bangon littafin kawai aka canza. In na yi tambaya Malam ya ce ba a zo wurin ba. Yaushe za a zo?"

Sai na ce ta daina motsa kai.

Ana cikin haka Malama Hassana ta zo makarantarsu. Daga jami'a take, tana bincike a kan yaran da Allah ya yi wa baiwa: yadda za a gane su a cikin aji mai cunkoso, da irin koyarwar da ta dace da su. Ranar farko ta zo musu da madubin likita, ta ɗebo ruwan kwata ɗigo ɗaya ta sa a ƙarƙashinsa, ta ce kowa ya leƙa. Yarinyar nan ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba ta biyo ni kicin.

"Anti, akwai masu rai a cikin ruwan kwata. Suna iyo. Wani ma ya rabu biyu ina kallo, kowanne ya kama gabansa."

Na ce, "To ki cire takalmi kar ki shigo mini da su."

Har tuwonta ya huce tana labari. A nan na ji cewa Malama za ta zaɓi wasu yara ta buɗe musu aji na ranar Asabar, a riƙa koya musu abubuwa ta wata hanya dabam har ƙarshen shekara, a ga yadda za su kasance. Washegari babu ciwon ciki. Ita ta riga kowa sa takalmi. Na dube ta tana fita da gudu, na ce a raina ajin nan ko ana ha-maza-ha-mata sai ta shiga.

Ashe zaɓen ƙafa uku gare shi: jarrabawa, da shaidar malamin aji, da shaidar iyaye. Sai biyu sun tsaya wa yaro ake ɗaukarsa. Jarrabawa ta tsaya mata sosai. Malamin ajinsu kuwa ya ce shi da barci ya san ta, in ta farka kuma ta yi tambayar da ba ta cikin darasi. Saura mu.

Na gaya wa maigidan, Sagir, wanda ke jan bas daga Kawo zuwa Zariya, cewa za a zo a tambaye mu halin yarinyar. Ya tsaya da loma a hannu.

"Wace yarinyar?"

"Ta wajenka mana. Babbar."

Ya ce, "Ai wannan maganar mata ce," ya wanke hannu ya ce fasinja na jira. Shi ma kunyar ce, sai dai shi yana da mota.

Malama Hassana ta zo da hantsi, doguwa, da farin gilashi, Hausarta irin ta 'yan bariki. Na shimfiɗa mata darduma a falo na kawo zoɓo. Kafin ta zauna Hajiya, surukata, ta fito daga ɗakinta da carbi ta samu kujera ta kafe. A gidan muke tare da ita tun rasuwar Alhaji, kuma ba a yin baƙo ba ta sa albarka ba. Malama ta ajiye waya a tsakaninmu ta ce za ta naɗi muryata in na yarda. Na ce to.

"Maman Ummulkhairi, me kika lura yarinyarki ta fi sa'anninta da shi?"

Na dubi darduma. Na ji idon Hajiya a gefen fuskata kamar rana.

Na ce, "Babu. Tana dai nan."

"Karatu fa?"

"Ana dai zuwa."

"Akwai abin da ta taɓa yi da ya ba ki mamaki?"

"Yaro ne dai, Malama."

Hajiya ta gyara zama, don ita kaka ce, tsakaninta da jika sai tsiya. "Wai wannan mai kan kwakwar ake tambaya? Malama, kar ki ɓata batirinki. In kin aike ta sayen gishiri sai ta tsaya kallon tururuwa har miya ta ƙone. Ban da suna ba abin da ta samu mai kyau, shi ma aro ta yi."

Daga bakin ƙofa yarinyar ta ce, "Tsohuwa, ke da ba ki san lambar wayarki ba."

"Kin ji ko? Baki kuwa akwai shi. Rubuta baki."

Malama ta kashe wayar, ta cire gilashi tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Na san kunya ce. Ni ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyata in ta kira ni a waya 'wacece' take cewa, alhali ita ta kira. Tun da na fara aikin nan a unguwar nan, duk ɗan auta mai baiwa ne, duk ɗan fari dakiki. Maƙwabciyarki Balaraba ta yabi autarta Firdausi har wayata ta cika, sai na dawo mun ƙarasa. Amma ƙa'idar aikin ta ɗaure mini hannu. Abin da uwa ta faɗa da bakinta shi ake ɗauka, ba abin da na san tana nufi ba. Akwai malamai da za su saurari muryar nan, ba su san ki ba, ba su san Malumfashi ba. 'Tana dai nan' za su ji."

Ta ce ranar da za ta dawo wurin Balaraba ita ce ta ƙarshe a layinmu. In na samu abin faɗa, in tare ta.

Ita a ganinta ta sauƙaƙa mini. Ba ta san ta ƙara mini wani tsoron ba. Mutanen da ban sani ba su zauna su saurari uwa tana yabon 'yarta? Ni na san baki. Lokacin da yarinyar nan take ƙarama an taɓa tsayar da ita a wata walima ta yi karatu, mata suka yi ta cewa kai, wannan yarinya, wannan yarinya, ba wadda ta ce tubarkalla. A makon ta kwanta zazzaɓi har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ce sauro ne. Ban yi masa musu ba, amma tun daga ranar ko kitso aka yaba mata sai in ce ai kan ne babba.

Duk da haka na gwada. Ni tela ce, a gida nake ɗinkin mata. In na zauna a kan keke ba kowa a ɗakin, sai in dube shi in ce, "Tana da..." sai maganar ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Na gwada da ido rufe. Na gwada da sunan 'yar wani, ya fita sumul, da na juyo kan tawa ya ƙi. Rannan ina cikin yi ashe tana tsaye a bayana.

"Anti, ki ce ina da ƙoƙari kawai. Ba sai kin faɗi sunana ba."

Na ce, "Kin wanke kwanukan?"

Ta juya. Na ji ƙarar kwanuka a tsakar gida, a hankali, ba irin wankinta na gaggawa ba. Da safe ciwon ciki ya dawo. Na tsaya a kanta da kofin kanwa a hannu, na san ba kanwa take bukata ba, na kuma san abin da take bukatar yana bakina ya ƙi fita. Na ba ta kanwar.

Da yake ta ƙi zuwa makaranta ranar, sai na bar ta a gida na tafi kasuwa sayo zare. Na dawo na tarar da kekena a buɗe, hanjinsa a kan tabarma, an jera ƙusoshi daga ƙarami zuwa babba. Wai tana so ta ga inda zaren sama yake haɗuwa da na ƙasa. Ga ɗinkin mutane a jibge. Ban taɓa ta ba, don ni ba na duka da fushi. Na jira ubanta ya dawo, na tsayar da shi tun bai cire hula ba, na zazzage masa. Na faɗi na keke, na tono na watan jiya, na tono na bara. Shi kuwa sai "to" yake cewa yana kallon kwanon abinci. Kafin in gama ta mayar da keken yadda yake, har ƙarar da yake yi in an taka ta ɓace, amma wannan ban sa shi a cikin ƙarar ba.

Da ya shiga wanka ta zo tana tattara tabarma. Ta ce, "Anti, yau kin daɗe kina maganata."

"Maganar laifinki ba."

"Eh. Amma kin daɗe."

Ta tsaya da tabarmar a hannu tana kallon bango, irin kallon da take yi wa tururuwa. Da na san abin da ke tafiya a cikin kan nan da na aike ta Malumfashi hutu.

Sai in koma baya kaɗan. Maƙwabcinmu na hagu, Malam Tijjani, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ba shi da abin so kamar tantabarunsa. Tun damina yake ƙorafi a ƙofar gida cewa tsuntsayensa suna dawowa a ƙoshe, in ya watsa musu dawa sai su dube shi. Ni kuma tun daminar nake neman wani shuɗin farantina na roba, nake kuma mamakin yadda tsakin kajin Hajiya yake saurin ƙarewa. Ban taɓa haɗa zancen wuri ɗaya ba.

Ranar da Malama Hassana ta dawo, bayan la'asar ne. Na ji tsayuwar motarta, wata 'yar fara tas, a tsakanin ƙofarmu da ta Balaraba. Na ji ta yi sallama ta shiga can. Na zauna a kan keke ina taka shi ba zare, ina cewa in ta fito zan tare ta, ina kuma sanin ba zan tare ta ba.

Sai na ji wata irin ƙara a sama kamar ana kaɗe tabarmi da yawa lokaci ɗaya. Sai ihun yara. Sai muryar Malam Tijjani yana salati. Na zari hijabi na fita.

Ba a ganin motar. Tantabaru ne tun daga gilashin gaba har but, wasu a kan wasu, suna ture juna suna guɗa, wasu na sauka wasu na tashi. A tsakiyar rufin motar ga shuɗin farantina, ba ko ƙwayar hatsi a ciki. Abin da tantabara ke yi in ta taru kuwa sun yi shi, ya gangaro ta gilashi ta ƙofa, fari da kore. Can gefe ga 'yar tawa a tsaye da wani jan faranti a hannu, ta ɗaga shi sama, ko tsuntsu ɗaya bai kula ta ba.

Malam Tijjani ya nuna ta da sanda. "Ashe nan ne gidan abincin. Wata nawa ina zargin masu shagon hatsi."

Malama ta fito daga gidan Balaraba da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta tsaya. Ta dubi motarta, ta dubi farantin. Layi ya cika, har masu wanki da guga na bakin titi sun taso.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙuwa, malama, ta zo unguwarmu da mutuncinta. Na kamo kunnen yarinyar na ja ta har gaban Malama.

Na ce, "Malama, don girman Allah ki yi haƙuri. Yarinyar nan ta fi ƙarfina. Wallahi ba tarbiyyar da ban yi mata ba."

Malama ta ce, "Me ta sa a farantin?"

"Ba komai, ai shi ne abin haushin. Ke, faɗa mata abin da kika yi, munafuka."

Ta ce, kanta a karkace saboda kunnen yana hannuna, "So nake in ga ko suna gane launi. In na sa tsaki a shuɗi sai in sa yashi a ja. Ina canza musu wuri kullum don kar su riƙe wurin. Yanzu ko babu komai shuɗin suke bi."

Na ce, "Kin ji ko? Da tsakin kajin kakarta. Kuma ba yau ta fara ba. In na ce zan faɗa miki abin da yarinyar nan take yi mini sai magariba ta same mu a nan."

Malama ta sa hannu a jaka ta ciro waya. Ta ce a hankali, "In naɗa?"

"Naɗa. Duniya ma ta ji."

Na fara da keke. Na faɗi yadda na tarar da shi, da ƙusoshin da aka jera kamar kayan lefe. Malama ta ce wa ya mayar. Na ce wa zai mayar in ba mai ɓarnar ba, ai ba ta isa ta kwana ba ta mayar ba. Na wuce kan maganar aikin gida, wadda na rufe tun zangon da ya wuce don kar uban ya ji: yadda na kama ta tana yi wa yaran layin nan aikin lissafi, su kuma suna ɗebo mata ruwan da na aike ta.

"Malaminsu bai gane ba?"

"Ina zai gane? Kowane yaro da irin kuskuren da take sa masa. Wanda ya saba manta ajiye ɗaya, ta manta masa. Wanda ke juya bakwai, ta juya masa. Har nata sai ta ɓata guda biyu wai kar a ce ita ce. Ki gaya mini, Malama, wannan yaro ne ko tsohon ɗan damfara?"

Wata mata a cikin taron ta ce, "Oh, shi ya sa Nuhu ya daina cin sifili," ta juya neman ɗan nata, Nuhu ya ɓace.

Sai ga Hajiya ta fito tana dogara sanda, ta ji ana cin naman jika ba a kira ta ba. "Ku matsa. Ni ce babbar mai ƙara. Malama, dabinona. Daga Makka aka kawo mini. Kullum sai na canza masa maɓoya, kullum sai na tarar an rage."

Yarinyar ta ce, "Ba canzawa kike ba, tsohuwa, zagaye kike. In kin yi baƙi, ƙarƙashin filo. In Juma'a ce, cikin kwalla. In kin yi faɗa da Baba, aljihun jakar asibiti."

Hajiya ta juya ga Malama. Ta ce, "Rubuta sata."

Layi ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, ina shirin ɗauko na gaba. A nan idona ya faɗa kan wayar da ke hannun Malama, ɗan jan ɗigon nan yana ƙiftawa. Na dubi Malama, ta ƙi haɗa ido da ni, tana cizon leɓe. Na sunkuya na dubi wadda kunnenta ke hannuna. Ba kuka a fuskar, ba tsoro. Ido ta ɗago ta yi mini irin kallon da take yi wa tantabara in ta ajiye faranti, tana jira ta ga ko za ta sauka.

Ashe ni ma an daɗe ana koya mini launi.

Malama ta ce, "Shi ke nan?"

Na yi tunani irin na mai yankan atamfa, wanda in ya sa almakashi ba komawa. Kunya ta hana ni yabo, amma ban taɓa jin inda ta hana uwa kai ƙara ba. Mahaifiyata ma da ba ta kama sunana, in laifina ne har maƙwabta sai sun ji. Baki kuma, wa ya taɓa jin ya kama yaron da ake yi wa faɗa a tsakiyar layi? Duk wanda ke wurin tausayina yake ji. Malaman can da ban sani ba, su ma abin da za su ji ke nan: wata baiwar Allah da 'ya ta addaba.

Na ƙara murɗa kunnen kaɗan, don kar a ce wasa ne.

Na ce, "Ina fa shi ke nan. Ban faɗa miki babban ba."

Wannan ko Hajiya ba ta sani ba. Kafin ƙaramar salla wata mata ta kawo mini atamfa ragowar turmi, tana son riga da siket. Na auna na juya na ce ba za ta isa ba, na ajiye in mayar mata. Na shiga wanka, na fito na tarar yarinyar nan ta shimfiɗa atamfar mutane a ƙasa, ta zana da alli, ta sa almakashi.

"Kayan mutane, Malama. Ba izini. Na zauna a ƙasa na ce yau na shiga uku. Ta juya hannun rigar ta kwantar da shi a inda ni ban taɓa kwantarwa ba, ta cusa wuyan a tsakanin siket da siket, kuma zanen furen bai juye ba ko ɗaya."

"Ta isa?"

"Har da ɗankwali." Na ji muryata tana so ta canza, na yi maza na daure fuska. "Amma da ba ta isa ba fa? Wa zai biya? Yarinyar da ba ta tambaya, sai dai ta yi ta kallon abu, ta yi ta kallo, har sai ta gane yadda aka yi shi, sannan ta sa hannu. Ba ta mantuwa, ba ta gajiya, in ta sa abu a gaba ko abinci ba ta ci. Ni na rasa inda zan kai ta. In kuna da wurin da ake ajiye irinsu, ku taimake ni."

Malama ta ce, "Muna da shi. Ranar Asabar ne." Ta share ido da gefen mayafi, ta ce ƙurar tantabaru ce. "Kin yarda in sa wannan ƙarar a cikin bincike, a matsayin shaidar uwa?"

"Ki sa, ko Allah zai sa a samu mai shiryar da ita."

"Saura abu ɗaya. Sunan wadda ake ƙara, don masu saurare."

Na saki kunnen na dubi ƙasa. Hajiya ta matso da bakinta kusa da wayar kamar mai shela.

"Ummulkhairi. Nawa ne. Shi ta fara sata."

Na sa ta ɗebo ruwa ta wanke motar tas, tun daga rufi har taya, yaran da take yi wa lissafi suna miƙa mata bokiti. Malam Tijjani ya ce shi ba zai yafe ba sai an ba shi farantin. Na ba shi. Yanzu da yamma in yana so su shiga ɗaki sai ya ɗaga shi sama, su zubo, yana ta yi wa abokansa baje koli kamar shi ya ƙirƙiro.

Da muka shiga gida na ce, "Ke kika shirya wannan."

Ta ce, "Ni faranti kawai na ajiye, Anti."

Na ce wanke-wanken gidan nan nata ne har sai na manta, kuma ta san ba na mantuwa. Ta ce to. Ta ɗauki kwanukan tana 'yar waƙa. Na zuba mata tuwo na sa mata tsokar da na ajiye wa ubanta, na ce kar ta ɗauka wani abu ne, ta yi tauri ne shi ya sa.

Saƙo ya zo ta wayar Sagir cewa an ɗauke ta. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce, "Wai yarinyar nan ce," ya fita duba tayar da lafiyarta lau. Na ji daga baya Malama ta ƙara tambaya ɗaya a cikin tambayoyinta, tana cewa iyaye su faɗi laifin da ɗansu ya yi da ya fi ba su haushi. An ce iyayen 'yan fari har layi suke yi.

An ɗauki Firdausi ma. Aji ɗaya suke, benci ɗaya. Amma a layinmu kowa ya san 'yar Balaraba baiwa ce ta kai ta, tawa kuwa laifi.

Asabar ta farko na raka ta bakin titi neman Keke Napep. Ta yi wanka tun ba a ce ba, ta cusa wata kwalba a jaka, ban tambaya ba, na dai ji warin kwata. Yalwa mai awara ta kwanar layi ta ɗago daga kaskonta.

"Maman Ummu, yau Asabar kuma ina za a da jaka?"

Na ce, "Ke dai bari. Tun abin motar nan. Horo aka ba ta, har Asabar sai ta je makaranta, shekara guda cur."

Yalwa ta girgiza kai, ta dubi yarinyar da tausayi, ta tsamo awara mai zafi ta naɗe mata a takarda. "Kin ga abin da rashin ji yake jawowa. Allah ya shirye ki."

Na ce amin, har cikin raina. Ita kuwa ta sunkuyar da kai kamar mai nadama, tana hura awarar.